Yadda ake ceto tsohuwar sitikar ruwa ta jiragen roba kafin ta wargaje

Kwalin da ya koya min wanga aiki daga akwatin ƙarfen Kawu ya fito, a gidanmu na Ƙofar Rini, ranar da anka fiddo kaya tsakar gida za a gyara rufin ɗaki kafin damina. Jirgin yaƙi ne na roba irin wanda ake haɗawa da gam a yi mai fenti, Spitfire, ma'aunin 1/72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72, wanda in an gama haɗa shi faɗin fukafukansa bai wuce santimita 15 da ɗoriya ba. Kawu ya sayo shi lokacin da ya je kwas Ingila a shekarun 1970 kuma bai taɓa haɗawa ba. Ya miƙo min yac ce, "Ungo ɗana, ni yanzu idona bai ganin ƙananan abubuwan ga." Na yi kusan sati biyu ina haɗawa ina fenti da dare, sai da anka zo wurin liƙa tambura, na yanko babban tambarin da ke hawa saman fiffike na jefa cikin ruwa, ko minti ɗaya ba a yi ba ina kallo ya tsattsage ya watse a saman ruwan kamar busasshen ganyen kuka da anka murza a tafi. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don takarda ce da ta jira sama da shekara arba'in kuma babu wata irinta a garin ga da zan je in sayo.

Tun daga ranar nake bin hanyar da zan faɗa muku, kuma dan Allah duk wanda ya samu tsohon kwali, ko a kayan gwanjo ko a kayan gado ko wanda ya yo oda ta intanet, kar takardar sitikar ta ga ruwa sai ya bi matakan nan.

Bari mu fara da sanin ita kanta abar. Masu harkar suna ce mata dikal, ni sitikar ruwa nake ce mata don ta bambanta da sitikar da ake ɓarewa a manna a bayan keke napep. Hawa-hawa take. Can ƙasa takarda ce mai kauri, a kanta an shafa gam mai narkewa a ruwa, a kan gam ɗin akwai wata fata siririya garai-garai wadda ba ta da kala, sannan tawadar zanen. In ta shiga ruwa gam ɗin ya jiƙa, sai fatar ta zame da zanen ta bar takardar. Toh da shekaru sun ja, fatar nan ke bushewa ta yi tsage-tsagen da ido bai gani, gam ɗin kuma ya mutu ko ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, shi ya sa za ka ga takarda lafiya lau a ido amma tana shan ruwa ta tarwatse. Zafi da bushewar iska su ne manyan maƙiyanta, mu kuma nan Sakkwato ba sai an gaya muna ba, watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga kwano a sama ga akwatin ƙarfe, sannan hunturu ya zo ya ƙarasa busar da ita, damina ta zo ta ɗan jiƙa ta ta sake bushewa. Kwalayen kamfanonin Airfix da Matchbox da Heller da Frog na shekarun 1960 zuwa 1980, robar cikinsu sau da yawa tana nan garau, sitikar ce ke fara tsufa.

Abu na farko, ɗauki hotonta da kyau. Ba hoton waya nake nufi ba ko da yake shi ma ya fi babu, sikanin nake nufi. Ka ɗora takardar bisa guntun kwali ka sa a ambulan ka tafi bizines santa, irin waɗanda ke kusa da makarantu da sakatariya, ka ce a yi ma sikanin a kan 600 dpi aƙalla, wato ma'aunin yadda hoton zai fito tsaf, in injin na kai 1200 ya fi. Ka aza rula ta awo a gefenta ta fito cikin hoton, don ranar da za ka buga sabuwa ka san girman daidai. In takardar ta nannaɗe kar ka bari a danna murfin injin da ƙarfi, ni da kaina nake riƙe murfin in ce ma yaron shagon, "Malam yi haƙuri, tsohuwa ce, a hankali." Kuma in za a turo ma ta WhatsApp a turo ta a matsayin dokumen, in an turo ta a matsayin hoto matse ta ake yi ƙananan rubutun su dushe. Wanga mataki kuɗi kaɗan ne amma shi ne abin da za ka koma mai in komi ya lalace.

Daga nan sai dubawa da gwaji. Ka fita da ita wurin haske ka karkata ta, in kana da tabarau mai ƙara girma ko kamarar waya mai zuƙowa ka duba saman zanen, in ka ga layuka ƙanana kamar faso a diddige toh ta riga ta tsage. Ko ba ka ga komi ba kar ka yarda da ita. Kusan kowace takarda tana da abin da ba za ka yi amfani da shi ba, ko lambar jirgi na biyu da kwalin ya ba ka zaɓi, ko sunan kamfani a gindin takardar in an buga shi bisa fatar. Yanko wannan ka tsoma a ruwan ɗumi ka gani. Abu huɗu ne ke iya faruwa: ta zame lafiya, ko ta farfashe, ko ta ƙi rabuwa da takardar, ko ta zame amma ta ƙi kama jikin roba in ta bushe. Kowanne da maganinsa, wani lokaci kuma takarda ɗaya ta haɗa biyu ko uku.

In akwai farar takarda mai santsi da anka rufe ta da ita tun daga kamfani kuma ta liƙe, kar ka fizge. Jiƙa tsinken audugar goge kunne kaɗan, ba sharkaf ba, ka riƙa dangwalawa daga sama kana murzawa a hankali har zaren takardar ya nannaɗe ya fita, ka kula kar ruwan ya gangara gefe ya shiga ƙarƙashin zanen, sannan ka bar ta ta bushe sarai. In fumfuna ce ta hau ta saboda damina, busasshen burushi mai laushi za ka fara sharewa da shi. Wurin da gara ko kyankyaso ya ci kam ya tafi, sai dai fenti ko sabon bugu.

Yanzu maganar rawaya. Farin da ke cikin tambari da fatar da ke kewaye da lambobi sukan koma kalar shayi, in ka liƙa haka bisa jirgi mai fentin azurfa ko fari sai ka ga kowace lamba da ɗan tabonta kewaye da ita. Maganinta rana ce, hasken rana na cinye rawayar. Masu wagga sana'a a Turai sukan sa takardar cikin leda su manna a gilashin taga su bar ta makonni, amma mu in munka kwafi wannan yadda yake za mu ƙone abin, don ranarsu daban tamu daban. Yadda nake yi, ina sa ta cikin leda mai zif tare da ɗan ƙunshin nan mai shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, in manna ledar da salatif ta cikin taga mai kallon gabas, zanen na kallon waje, daga hantsi zuwa wajen sha ɗaya na safe in cire. Kullum in duba ta in gwada da hoton sikanin. Cikin kwana uku zuwa sati nakan ga canji. Abin da za ka sa ma ido shi ne ja da rawayar asali ta zanen, su ke fara koɗewa, da ka ga jan tsakiyar tambari ya fara komawa kalar hoda ka tsaya ko da sauran rawaya kaɗan, gara fari mai ɗan duhu da jan da ya mutu. In ka ga gumi cikin ledar buɗe ta nan take, laima na tada gam ɗin ya kama leda. Kuma wallahi kar wanda ya ba ka shawarar ka aza ta gaban gilashin mota a rana don ta yi sauri, zafin da ke cikin motar da anka rufe a garin ga gasa ta zai yi ta nannaɗe kamar ganda. Lokacin sanyi, Disamba zuwa Janairu, ya fi dacewa da wanga aiki, sai dai ledar ta rufu da kyau saboda ƙura.

Wani abu kuma da na lura, sau da yawa rabin rawayar a cikin tsohon gam take ba a fatar ba, za mu zo kan wanke shi.

Toh ga babban aikin, wato yi mata sabuwar fata. Tunda tsohuwar ta tsage, sai a shimfiɗa wata a sama ta riƙe gutsattsarin wuri ɗaya. Abin da anka yi don wannan shi ne Liquid Decal Film na kamfanin Microscale da ke Amurka, 'yar ƙaramar kwalba ce, kuma in kana da hanyar samunta ta hannun mai zuwa daga waje ko oda, ka saya, kwalba ɗaya za ta yi ma shekaru in kana rufe ta da kyau. Ka kwantar da takardar bisa kwali ka kama kusurwoyinta da salatif, in ta nannaɗe sosai kar ka tilasta mata miƙewa kafin shafin, miƙewar ce ke ƙara fasa ta, shafa mata a yadda take tukuna. Ɗebo ruwan da burushi mai faɗi mai laushi ka ja sau ɗaya ta gefe ɗaya ka wuce, kar ka riƙa kai da komo don ruwan na iya tada tawadar ya ja ta. Za ka ga sawun burushi, rabu da shi, shina kwantawa da kansa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya bushe, nan wurinmu ma bai kai haka ba, amma ni nakan ba shi awa ɗaya in sake shafi na biyu a gicciye in takardar ta lalace sosai. Burushin kuma da sifirit ake wanke shi ba da ruwa ba.

In babu wannan fa? Akwai fentin feshi na gwangwani marar kala mai sheƙi, wanda masu fenti ke ce ma kiliya, ka nemi wanda anka rubuta akirilik a jikinsa a shagunan kayan fenti. Shina aiki amma da sharaɗi. Ka tsaya nesa kamar tsawon rula guda, santimita 30, ka fesa ƙasa-ƙasa kamar raɓa, ka bari ya bushe, ka sake, sau uku ko huɗu, kar ka taɓa jiƙa ta sharkaf a feshi ɗaya don sinadarin cikinsa na narkar da tawada. Ka fara gwadawa bisa abin da ba ka buƙata. Fatar da yake bayarwa ta fi kauri da tauri, don haka ba ta kwanciya sosai a wuri mai lanƙwasa, amma ta fi asara. Kiliyar mota mai haɗi biyu da man farce marar kala kam ka bar su, sun yi kauri kuma sun yi ƙarfi. Sannan duk wanda za ka yi, ka yi shi da sassafe ko da dare, ka kashe fanka, in feshi ne a waje inda iska ke wucewa, kana gamawa ka kifa roba ko kwano a kai, don lokacin hazo ƙura ɗaya in ta sauka bisa ɗanyen shafi ta zauna kenan har abada.

Ga wurin da mutane ke mantuwa: da ka yi shafin nan takardar gaba ɗaya ta zama sitika guda, babu sauran rabuwa tsakanin wannan tambari da wancan. Dole ka yanke kowanne da kanka dab da bakin zanen. Sabuwar reza ko ƙaramin almakashi mai kaifi, kuma da reza kar ka ja da ƙarfi, ka bi layin sau biyu ko uku a hankali, reza marar kaifi tana tsaga bakin. Yankewa dab da zane na da wani amfanin, tana raba ka da fatar gefen da ta yi rawaya. Lambobi da haruffa dogaye nakan raba su gida biyu ko uku in jera su a jikin jirgin, ya fi sauƙi da jan doguwar fata mai rauni.

Kafin liƙawa jikin jirgin sai ya zama mai sheƙi da santsi. Fenti marar sheƙi in ka duba shi da kyau gargaje yake kamar yashi, iska na maƙalewa ƙarƙashin sitikar, in ta bushe sai ka ga wani fari-fari mai ƙyalli kamar sawun katantanwa. Don haka a shafa kiliya mai sheƙi tukuna a bari ta kwana.

Ruwan jiƙawa ya zama mai ɗumi, wanda yatsa ke jurewa ba tare da ka ji zafi ba, kuma ni fiyawata nake ɗumamawa don ruwan wasu rijiyoyin namu shina barin fari-fari in ya bushe, kamar yadda yake yi a cikin butar shayi. Kama sitikar da hantsaki ka tsoma daƙiƙa goma zuwa ashirin, ka fiddo ka aza bisa jiƙaƙƙen tsumma ka jira. Sabuwa minti ɗaya ya ishe ta, tsohuwa tana iya cin biyar ko fiye. Taɓa ta da jiƙaƙƙen burushi, in ba ta motsa ba ƙara mata ɗigon ruwa ta bayan takardar ka ƙara jira, kar ka tura da yatsa ko farce. In ta motsa, kai takardar har inda za ta zauna a jikin jirgin, ka jiƙa wurin, ka riƙe bakin sitikar da burushi ka zare takardar daga ƙarƙashi. Ka ga bambancin, takardar ake zarewa, sitikar na nan inda take.

In gam ɗin ya mutu, ko ka ga shina fitowa da kauri kalar ƙasa, wanke shi za ka yi. Zamar da sitikar kaɗan ta leƙo daga bakin takardar ka shafe ƙarƙashinta da burushi da ruwa, ka juya ɗaya gefen ka yi haka, sannan ka ba ta sabon gam. Farin gam na kafintoci irin Top Bond shina yi, ɗigo ɗaya a ɗigon ruwa huɗu ko biyar har ya zama kamar madarar da anka tsinka, in ya bushe ba a ganinsa. Amma abin da na fi so shi ne namu na gida, ƙaro. Shi dai wanda malamai ke sa ma tawadar allo don ta kama. Ka je tsohuwar kasuwa ka zaɓi ƙwaya mai haske garai-garai, ba mai ja ko mai ɓawon itace ba, kamar girman gyaɗa, ka jiƙa a cokali uku ko huɗu na ruwan ɗumi ya kwana, da safe ka tace da ƙyalle mai tsabta. In ka taɓa ka ji ɗan danƙo tsakanin yatsu biyu ya yi, in ya yi kauri ƙara ruwa. Shafa shi a jikin jirgin inda sitikar za ta zauna. Abin da ya sa nake son shi, bai saurin kamawa, kana da lokacin gyara zaman tambarin, kuma ko ya fara bushewa ɗigon ruwa na sake tada shi. Ka riƙa haɗa kaɗan don bayan 'yan kwanaki shina tsami.

Da ta zauna daidai, ɗauki tsinken auduga mai ɗan laima ka mirgina daga tsakiya zuwa baki, mirginawa ba gogewa ba, ruwa da iska su fita. Nan garin abu na bushewa da sauri, don haka ɗaya bayan ɗaya za ka yi, kar ka jiƙa biyar a lokaci guda.

In duk da haka ta fashe a jikin jirgin kar ka share. Ƙara ruwa a wurin har gutsattsarin su yi iyo, ka riƙa tura su da bakin burushi kana haɗawa, manya tukuna sannan ƙanana, in sun haɗu ka tsotse ruwan da bakin tishu daga gefe ba tare da ka taɓa su ba. Ramukan da sunka rage in ta bushe ka cike da fenti mai kalar da bakin tsinken sakace.

Akwai ruwan da ke tausasa sitika ta kwanta cikin layukan jikin jirgi kamar fenti. Micro Set mai shuɗin rubutu ana sa shi ƙarƙashi, warinsa kamar binega, Micro Sol mai jan rubutu ana shafa shi a sama, kamfanin Tamiya ma suna da nasu Mark Fit. In ka shafa na saman za ka ga ta yamutse kamar ta lalace, kar ka taɓa, tana miƙewa da kanta in ta bushe. Ga tsohuwar sitika ka gwada a kan ragowa tukuna kuma ka sa kaɗan. In ba ka da su, farin binega da anka tsinka da ruwa na ɗan taimakawa, haka ma ƙyalle mai laushi da anka tsoma a ruwan zafi anka matse a danna shi a kai na 'yan daƙiƙu. Kumfar iska ko ƙyallin nan in ya fito bayan ta bushe, huda shi da bakin allura wuri biyu uku ka ɗiga ruwan tausasawar ko ruwan ƙaro ya shiga ta hudar.

Wadda ta wuce ceto sai a koma ga hoton sikanin. Akwai takardar sitikar ruwa da ba a buga komi a kai ba, mai fata garai-garai da mai farar fata, ta firintar tawada daban ta leza daban, kar ka haɗa su. In ta tawada ce dole a fesa mata kiliya bayan bugu, in ba haka ba ruwa na wanke zanen. Matsalar ita ce firintar gida da ta shago ba su buga fari, farin takarda suke dogara da shi. Baƙaƙen lambobi da rubutu a kan mai garai-garai suna fita tsaf, amma abu mai fari a ciki sai farar takarda ka yanke shi dab da baki, ko ka fara fenta farin da'ira a jikin jirgin ka aza bugun a kai. Da haka na yi ma wani Alpha Jet tambarin sojan saman Najeriya, kore da fari da kore, tunda kwalayensa galibi da tambarin Faransa ko Jamus suke zuwa alhali jirgin na aiki a ƙasar ga tun farkon shekarun 1980.

Bayan an gama liƙawa ka bar jirgin ya kwana ɗaya cur ƙarƙashin roba, washegari ka goge ragowar gam da ƙyalle mai laima, sannan ka rufe duka da kiliya siririya, mai sheƙi tukuna, in jirgin yaƙi ne ka bi da marar sheƙi. Wagga rufewa ita ke hana bakin sitikar ɗagowa in hunturu ya kama.

Sauran kwalayen da ba ka kai gare su ba kuma, yau ɗin nan ka fiddo takardun sitikarsu, kowace a sa mata farar takarda a fuska, a sa a leda mai zif da ƙunshin shanye laima, a rubuta sunan jirgin a baya, a jera su kwance cikin babban littafi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, can ƙasa nesa da kwano amma ba bisa daɓe ba saboda gara. Spitfire ɗin Kawu da sauran takardar tasa na ƙarasa shi bayan na yi mata shafi biyu, duka sunka hau lafiya, tambarin fiffiken hagu da ya watse kuwa da kamfas na lissafi na zana shi bisa salatif na takarda na yanke na fenta shuɗi da ja, jirgin na nan bisa kabad a ɗakinsa kusa da rediyo.